RA'AYINMU: HATSI YA ƘARE A GIDA

Babu wani saƙo da ke kashe wa ɗan Arewa mazaunin Kurmi jiki kamar a aiko masa daga gida cewa hatsi ya ƙare. A da wasiƙa ce yaron makaranta yakan rubuta a ba direban babbar mota, ta yi kwana da kwanaki a hanya kafin ta iso Agege ko Sabon Badun, watau ko ba kome mutum yakan sami sararin yin shiri. Yanzu kuwa waya ce a aljihu, tana iya yin kuka yana tsakiyar ɗaukar kaya a Mile 12, ko yana zaune a ƙofar gidan da yake gadi a Fatakwal. Muryar uwargida ce ko ta tsohuwa, ba kuwa za ta fito da maganar fili ba don kunya, sai ta ce yara suna gaishe shi, shi kuma ya san abin da gaisuwar take nufi. A kan wannan gaisuwa muke so mu yi magana yau, kuma mun ɗauki ƙauyen Dagona na ƙasar Bade, tsakanin Nguru da Gashuwa a arewacin Jihar Yobe, don ya zame mana madubi. Wanda ya fito daga Sakkwato ko Katsina ko Haɗeja, in ya duba da kyau, zai ga gidansu a ciki.

Mun zaɓi Dagona ne domin wuri ne da bai kamata a ji kalmar yunwa a cikinsa ba. Yana cikin faffaɗar fadamar nan da kogin Haɗeja da na Jama'are suke malala a cikinta kafin su haɗu su zama kogin Yobe. Ƙasa ce ta shinkafa da gero da dawa da wake, ta kifi da kiwo da noman rani, ga goruba da kaba, ga bado a tafki. Albarkar wurin ta kai har tsuntsayen ƙasashen Turai sukan ƙetaro hamada su zo su yi hunturu a tafkin Dagona, kuma saboda su ne mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filip, ya taka ƙafarsa a can a 1989. A 1991 aka sa wurin cikin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Cadi, a 2008 kuma aka rubuta tafkin cikin jerin dausayin da duniya ta yarda a kiyaye. Ba mu da ja da wannan, tsuntsu ma halittar Allah ne. Amma fa mun ga an ƙirga tsuntsayen Dagona sau da yawa, ba mu ji an zo an ƙirga yaran da suka kwana ba su ci tuwo ba.

Ku da kuke zaune a Kurmi kun fi kowa sanin inda albarkar wannan ƙasa take tafiya, domin a kanku ake sauke ta. Tun 1930 da hanyar jirgin ƙasa ta isa Nguru ake lodin gyaɗa da fata da ƙaro da busasshen nama zuwa Ikko da Badun. Yau manyan motoci ne ke ɗauko bandar kifi da wake da albasa da shanu. Sau da yawa ɗan masunci ne yake sauke kwalin banda a kasuwar Kurmi, alhali a gidan ubansa an kwana biyu ana kaɗa miyar kuka ba ko kan tarwaɗa a ciki, domin kifin ya zama kuɗi, kuɗin kuma ya tafi wajen mai hatsi da mai magani. A ƙarshen watan Fabrairu na 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Badun, fataken abinci da na shanu sun tsayar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, kowa kuwa ya ga yadda tumatir da albasa da nama suka yi tashin gwauron zabo a Ikko. Wannan ya isa shaida cewa mutanen irin su Dagona ne ke ciyar da birane.

To, mu zo ga lissafi, domin maganar cefane ba a yin ta da ƙiyasi. A ɗauka gida ne mai mutum takwas, manya da yara, kuma suna cin kwano ɗaya da rabi na hatsi kowace rana, tsakanin kunun safe da tuwon dare da ɗan abin da za a taɓa da rana. Buhu mai kwano 40 ba zai kai su wata guda cikakke ba, kwana 26 ne ko 27. A shekara ke nan suna bukatar buhu 14, ba a sa na baƙo ba, ba a sa na biki ko na sadaka ba. Ba a kuma yi maganar kuɗin niƙa da mai da gishiri da daddawa da barkono da itace da sabulu ba, waɗanda su ne ke cinye kuɗin hannu kullum kamar gara. Kowane mai karatu ya zauna ya yi wannan lissafi da yawan mutanen gidansa, ya cire abin da gonarsa take bayarwa, abin da ya rage shi ne ainihin nauyin da ya kawo shi Kurmi. Da yawa daga cikinmu mun shekara goma muna aika kuɗi gida ba mu taɓa yin wannan lissafi ba, sai dai in an yi kuka mu aika abin da ya samu.

Shekarun nan kuwa sun zo da abin da ya rikita lissafin kowa. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki a Jigawa da Yobe. Farkon 2023 aka shiga wahalar canjin kuɗi, mai kuɗi a banki ya rasa abin sayen kwano guda. Ran 29 ga watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da N200 ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce N1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta kuwa faɗi warwas. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli na wannan shekara aka rufe iyaka har watan Maris na 2024, wanda duk ya san Nguru da Macina ya san abin da rufe wannan iyaka yake nufi ga kasuwanninsu. A watan Yuni na 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Da aka ɗaga mafi ƙanƙantar albashi zuwa N70,000 a watan Yuli, kuɗin bai isa sayen buhun shinkafa mai kilo 50 ba. Ba abin mamaki ba ne da zanga-zangar watan Agusta na 2024 ta yi zafi har aka sa dokar hana fita a Nguru da Gashuwa da Fataskum. A nan Kurmi ma ba a tsira ba, tun da hana acaba da aka yi a manyan unguwannin Ikko a 2020 da 2022 ya raba dubban samarinmu da abin da suke aikawa gida.

Amma akwai wata ɓaraka da ta girmi duk waɗannan, ita ce kuma muke so masu karatu su tsaya su duba, domin gyaranta yana hannunmu. Da kaka, hatsi yana araha, domin kowa ya kai kasuwa a lokaci guda. A daidai wannan lokaci ne mai bin bashin taki yake tsaye a ƙofa, ga kuɗin makaranta, ga auren da aka ɗaga sai bayan girbi, ga kuɗin motar wanda zai tafi ci-rani. Sai manomi ya buɗe rumbu ya sayar da buhu biyar ko shida a farashin da ɗan kasuwa ya ga dama. Ɗan kasuwa ya kai sito ya kulle. Watanni shida ko bakwai bayan haka, ruwa ya sauka, rumbu ya yi ƙasa, aikin gona ya yi yawa, sai ga iyalin manomin nan a gaban ɗan kasuwar nan suna sayen geron da suka noma da hannunsu, kwano-kwano, da tsada, da kuɗin da aka aiko daga Ikko bayan mai POS ya cire nasa. Wanda ba shi da mai aiko masa kuwa sai ya ci bashin da zai biya da hatsi in kaka ta yi, watau ya sayar da amfanin gonarsa tun yana tsaye a kara. Haka shekara take juyawa, gumin Kurmi da gumin gona duka suna ƙarewa a sito guda.

Saboda haka shawararmu ta farko ga ɗan ci-rani da mazaunin Kurmi ita ce ya sauya lokacin aika babban kuɗinsa. N50,000 da ta isa gida da kaka ta fi N50,000 da ta isa a tsakiyar damina auki, ko da kuwa takardun iri ɗaya ne. Wanda zai iya, ya matse cikinsa ya tara, ya aika a watan Nuwamba ko Disamba, ko dai a sayi hatsi a ajiye, ko kuma a biya bashin da zai sa a buɗe rumbu, wanda shi ne ma ya fi. Wanda ba zai iya shi kaɗai ba, ga adashi. Mun san ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya a Idi-Araba da Shagamu da Anaca suna tara kuɗi don kai gawa gida ko belin wanda aka kama, kuma wannan aikin lada ne. Me zai hana a yi irin wannan asusu don hatsi, a wakilta amintattu biyu ko uku su je kasuwar Gashuwa ko ta Nguru da kaka su saya a dunƙule, a rubuta sunan kowa a buhunsa? Mun ce amintattu biyu ko uku da gangan, domin kuɗin jama'a a hannun mutum ɗaya ya sha raba zumunci. Gaskiya ne akwai shekarar da farashi ba ya bin wannan hanya, kamar 2025 da hatsi ya sauko, masu ɓoyewa don riba suka tafka hasara. Amma wanda ya ajiye don cin gidansa ba ya hasara, tuwonsa yana nan.

Ajiyar ma tana da nata ilmi. Gero da dawa a zangarniya cikin rumbu mai kyau suna shekara lafiya, iyayenmu sun san wannan. Wake ne mai wuya, kuma a nan ne wasu ke zuba masa maganin ƙwari mai guba, irin abin da ya sa ƙasashen Turai suka hana shigar da wakenmu a 2015. Abin da Bature ya ƙi ci, bai kamata mu ba 'ya'yanmu ba. Akwai buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, akwai jarka da duro masu murfin da ba ya shan iska, in wake ya bushe sosai aka cika aka toshe, ƙwaron yakan mutu da kansa ba tare da an sa kome ba.

Sai maganar tukunya, wadda mu maza muka fi jahilta. In kuɗi ya gaza, ga yadda ake ragewa a yawancin gidaje: nama da kifi su fara fita, mai ya bi su, wake ya zama na ranar kasuwa, a koma ci sau biyu, kana uwar gida ta fara cewa ta ƙoshi alhali ba ta ci ba. Babban mutum yana iya jure wa tuwo da miyar kuka tsura na watanni, ya rame ya mayar. Yaron da bai kai shekara biyu ba, da mace mai ciki ko mai goyo, ba su da wannan juriya, abin da yaro ya rasa a wannan lokaci yana iya binsa har girmansa. A watan Yuli na 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da labarin cewa yara 652 sun mutu saboda tamowa a asibitocinta na Jihar Katsina cikin wata shida, a cikin watan ne kuma hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kashedin cewa kuɗin taimakonta a Arewa maso Gabas ya ƙare. Watau wanda yake jiran baƙo ya ciyar masa da yaro ya sake shawara. Ma'aikatan lafiya a Yobe da Barno suna koya wa mata haɗin garin kunun da ake kira Tom Brown, awo shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya a niƙa. Babu abin da ba a samu a kasuwar ƙauye a cikinsa. Ƙananan kifin da ba su da daraja a kasuwa, in an shanya an daka an zuba a miya, sun fi ɗanɗanon kanti amfani nesa ba kusa ba. Zogale da rama da yakuwa da tafasa da kuɓewa, a shanya su da damina lokacin da suke banza. Tsofaffinmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san duk wannan, mu ne muka ɗauka ci gaba shi ne taliyar leda.

A nan dole mu faɗi wata magana ko da za ta yi ɗaci. Kuɗin cefane a aika shi hannun mai girki. Ita ta san kwano nawa ya rage, ita ta san yaron da ba ya cin abinci. Sau nawa aka aika kuɗi ta hannun ƙane ko aboki, ya isa gida ya ragu, ko ya isa bayan mako biyu? Kuma maigida ya ji tsoron Allah a kan nasa cikin. Ba mu hana mai ɗaukar kaya cin abin da zai riƙe shi ba, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma mun ga masu shayi da ƙwai da safe, tsire da dare, sabuwar waya duk shekara, sa'an nan su ce wa iyali a yi haƙuri gari ya yi zafi. Mun kuma ga wanda zai kwashe tarin wata takwas ya je gida da Salla ya ƙarar a shadda da rabon kuɗi don a ce ya samu, ya dawo da bashin kuɗin mota, watan gaba a bugo masa waya yara suna gaishe shi. Ciyar da iyali wajibi ne a addini, burga kuwa ba ta cikin farilla ko sunna.

Duk da haka za mu zama azzalumai in muka tsaya a nan, kamar dai talaucin Dagona rashin dabarar mutanenta ne. Tukunyar Dagona a kan ruwa take, ruwan kuwa a hannun hukuma yake. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Calawa a 1992, ambaliyar da take shayar da fadama kowace shekara ta ragu, ta kuma daina zuwa a kan lokacinta. Ruwan da a da yakan zo da ƙarfi da damina ya janye da rani, sai ya koma yana tsiyaya duk shekara, wannan kuwa shi ne abin da ciyawar kacalla take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta karkatar da yawancin ruwan kogin Haɗeja zuwa Marma da tafkin Nguru, wasu garuruwa ruwa ya ci gonakinsu, wasu kuma suna kallon busasshiyar fadama. A cikin kacallar ne jan-baki yake kwana, ya tashi da safe ya sauka a kan shinkafa da gero. Manomin da ya rasa ambaliya sai ya koma ga injin ban ruwa, injin kuwa fetur yake sha, fetur kuma mun faɗi abin da ya same shi. A 2006 jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauci da Filato da Yobe da Barno, suka haɗu da Gwamnatin Tarayya suka kafa asusu don gyara wannan kwari. An yi wasu ayyuka, ba mu musa ba. Amma a je a tambayi masunci ko manomin shinkafa na ƙasar Bade ko ruwansa ya dawo yadda ubansa ya san shi.

Wannan jarida ta jam'iyya ce, ba mu taɓa ɓoyewa ba, kuma saboda haka ne ma za mu faɗa wa namu gaskiya kafin abokan hamayya su faɗa musu, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ƙasar nan ba ta taɓa rasa shirin abinci mai suna mai daɗi ba. An yi na ciyar da ƙasa a 1976, an yi juyin noma na zamanin Shagari a 1980, an yi layin kayan masarufi a 1984, an ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci a watan Yuli na 2023, an yi rabon shinkafa a gaban masu ɗaukar hoto. A 2024 aka ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. Farashi ya sauko daga baya, mazaunin birni ya numfasa, mu ma mun ji daɗi. Amma taki da fetur da maganin feshi ba su sauko tare da shi ba, sai manomi ya wayi gari yana sayar da buhu biyu ko fiye kafin ya sayi buhun taki guda. Ɗan ci-rani yana tsakiya, da rani shi mai saye ne, da kaka shi mai sayarwa ne, kowace ta faɗi a kansa take faɗuwa. Manufar da za ta sauƙaƙa wa mai saye ta hanyar karya mai noma, bashi ce aka ci, za a biya ta a daminar da manomi zai ƙi shuka.

Abin da muke nema ga mahukunta ba shi da yawa. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa sakin ruwan Tiga da Calawa bisa tsarin da aka yi shawara da mutanen ƙasa-ƙasa, a kuma sanar da su lokacin tun da wuri ta rediyo. A sa injunan yanke kacalla su yi aiki duk shekara har ƙananan hanyoyin ruwa, ba sai ranar da babban baƙo zai zo ba. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su sayi hatsi da kaka a farashin da ba zai cuci manomi ba, su fito da shi da damina a sayar kwano-kwano a gaban masu unguwa da limamai. Masu hali kuma su fitar da zakkar hatsi a kan lokacinta, ɗaya cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka yi wa ban ruwa da wahala, su ba maƙwabcin da suka san halinsa.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna Kurmi kuna da bakin magana fiye da yadda kuke zato. Kuna da sarakunan Hausawa a kowane Sabo, kuna da ƙungiyoyin kasuwa, yawancinku kuma a gida kuke jefa ƙuri'a. Akwai ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Bade da Jakusko, akwai mai wakiltar Nguru da Macina da Karasuwa da Yusufari, akwai sanatan Yobe ta Arewa. Ko na jam'iyyarmu ne ko na wata, ƙungiyoyinku su rubuta musu takarda da sa hannun kowa, su tambaye su ranar da za a buɗe hanyoyin ruwan da kacalla ta toshe, da yawan buhunan da aka saya aka ajiye don damina mai zuwa, da wurin da aka ajiye su. Ku aiko mana da kwafin takardar da amsar da suka bayar, za mu buga su a wannan shafi. Wanda bai amsa ba, shi ma za mu buga cewa bai amsa ba.